Injin goga cuku: kurakuran da ke kashe shi tun bai yi wata ba

Wallahi yawancin injinan goga cuku da ke mutuwa a hannun masu shawarma da fiza a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas mu ne muke kashe su da kanmu.

A fara da wuta. Ka shiga kasuwar Alaba ka ga injin tokumbo fes da araha, ka ɗauko ba ka juya gindinsa ka karanta ba. Na Amurka 120V yake ci, tamu wutar kuwa 230V ce. Ni ma na taɓa yi, ina jona shi a soket sai ƙauri ya cika kicin, ko cuku bai ɗanɗana ba. In ka ga 110V ko 120V to sai da taransifoma mai rage wuta, ko ka haƙura ka nemi na Ingila, filoginsa ma irin namu ne.

Amma babbar matsalar zafin Legas ne. Cukun mozarela laushi gare ta, in ta yi minti goma a kan tebur ta fara gumi, kana turawa a inji sai ta dame kamar tuwo ta toshe ramukan greta, wato ƙarfen da ke goga cukun, motar injin na gurnani kai kuma kana ƙara dannawa da ƙarfi, haka ake ƙona ta. Sa mozarelar a firiza minti 15 zuwa 20 tukuna, ta ɗan yi tauri ba ƙanƙara ba, ka yanka daidai bakin injin, ka ciro wanda za ka goga kawai sauran ya zauna a firij. Greta mai manyan ramuka ita ce ta mozarela da cukun ceda, mai ƙanana ta cukun famesan ce mai tauri. Wara kuwa, wato cukun gida na nonon shanu, kar ma ka gwada, ruwa ne da ita, hannu ya isa ya marmashe ta.

Kar ka tura da yatsa don Allah, akwai abin turawa. In jikin injin ya ɗau zafi kashe shi ya huta.

Sai wanki. Mutane na zuba ruwan zafi kai tsaye, cukun ya narke ya liƙe a ramuka kamar cingam. Cire filogi, fara da ruwan sanyi da tsohon buroshi, sannan ruwan ɗumi da sabulu. Gefen motar injin tsumma kawai. Ka bar greta ta bushe sarai kafin ka mayar, danshin garin nan ba ya barin ƙarfe lafiya, ballantana da damina.