Yadda Ake Cajin Batirin Tirelar Kwana Cikin Sauri Da Ƙaramin Janareta

Wanda ya zagaya wuraren gine-gine daga Lekki zuwa Ibeju da Epe zai iya cin karo da tirelolin nan na kwana, masu ɗaki da fitila da fanka a ciki, irin waɗanda a Amurka da Turai ake ja da mota a tafi hutu daji. A Legas aikinsu ya sauya. Masu gadi ne ke kwana a ciki, ko direbobi, ko ma'aikatan kwangila, kuma da yawansu 'yan'uwanmu ne daga Arewa. Duk abin da ke aiki a tirelar da dare, batir mai volt 12 ne ke riƙe da shi. Idan ya yi sanyi fanka ta tsaya, ga zafi ga sauro, dole a nemi janareta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, barin inji yana ruri daga safe har la'asar saboda batir guda asara ce da ba kowa zai jure ba.

Abin da nake so ya zauna a zuciyarka tun farko: saurin caji yana hannun caja ne, girman janareta bai cika sauya komai ba.

A jikin ƙananan janareta da yawa akwai wani soket da aka rubuta DC 12V, har da wayarsa mai baki biyu, ja da baƙi. Shi mutane ke fara kai wa hannu, tunda ga batir ga waya. Amma wutar da yake bayarwa ba ta wuce kamar amp 8, kuma a mafi yawan injina ba shi da abin da zai rage wutar idan batir ya cika. Ga jinkiri, ga haɗarin tafasa batir idan ka manta. Ka bar shi don ranar da babu wata dabara. Hanyar da ta dace ita ce ka ɗauki wuta daga babban soket, wanda ake jona talabijin, ka ba wa cajar batir ta zamani, ita kuma ta ba batir.

Ga lissafin. A ce batirinka mai Ah 100 ne (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa), ya sauka zuwa rabi, kana son ka kai shi kashi 80 cikin ɗari. Ah 30 ke nan kake nema. Caja mai amp 20 za ta zuba wannan cikin kamar awa ɗaya da rabi. Soket ɗin DC zai ci kusan awa huɗu, yana shan mai duk tsawon lokacin. Kuma cajar amp 20 ba ta jan abin da ya wuce wat 350 zuwa 400, don haka janareta mai wat 1,000 ya ishe ta har da rara.

Kafin ka je Alaba sayen caja, duba wane irin batir gare ka, domin kowanne da iyakar abin da zai iya haɗiya. Batirin ruwa, mai murfuna a sama, ana ba shi kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ƙarfinsa, wato amp 10 zuwa 20 ga mai Ah 100. Busasshe, wanda aka rubuta AGM a jikinsa, yana ɗaukar fiye da haka kaɗan. Na litiyam mai alamar LiFePO4 shi ne gwanin sauri: galibinsu suna karɓar rabin ƙarfinsu, amp 50 ga mai Ah 100, amma sai da cajar da ke da saitin litiyam. Ka karanta abin da kamfanin ya rubuta a jikin batirin, shi ne hukunci. Mai shago zai iya ce maka, "Oga, ɗauki babbar, ta fi sauri." Idan ta fi ƙarfin batirinka, kwanansa za ta rage.

Akwai wani tarko da ya shafi tirelolin tokumbo musamman. Wadda aka shigo da ita daga Amurka an yi wayoyinta ne don wuta mai volt 120, alhali wutarmu da janaretocinmu volt 220 zuwa 240 suke bayarwa. Ka jona babbar wayar tirelar kai tsaye a janaretanka, cajar cikinta za ta ƙone nan take, wataƙila har da firij. Duba farantin da ke kusa da inda wayar ke shiga. Idan 120 aka rubuta, ko dai ka sa taransifoma mai sauke wuta, ko kuma, abin da ni na fi so, ka manta da cajar cikin gaba ɗaya ka maƙala taka a kan batirin. Ko a tirelar da wutarta ta dace da tamu, tsofaffin cajojin ciki sukan tsaya a wajen volt 13.6, su yi ta ɗiga wuta a hankali yini guda.

Yanzu aikin kansa.

Fara da ajiye janareta a fili, aƙalla mita shida daga tirelar, salansa na kallon wani gefen. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, ba ta da launi, kuma a garin nan an sha wayar gari a tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki saboda ita. Ruwan sama ba hujja ba ce ta shigo da shi ƙarƙashin tirela ko bakin taga. Yi masa rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ka ɗora shi a kan busasshen katako.

Sai ka kashe duk abin da ke jan wuta a ciki: fanka, firij, fitilu, injin da ke mayar da wutar batir ta gida. Duk amp ɗin da suka sha, daga rabon batir aka cire shi.

Buɗe akwatin batir iska ta shiga, domin batirin ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kuma tartsatsi kaɗan ke kunna ta. Ban da taba, ban da ashana. Dubi kawunan batirin da kyau. Iskar gishirin teku tana sa su yi wani farin gari mai shuɗi-shuɗi, musamman a bakin ruwa, kuma wannan garin yana tare wuta. Kwaɓa hodar baking soda da ruwa kaɗan, ka goge da tsohon buroshi har ƙarfen ya yi haske, ka shanya, ka ɗaure noti tamau. Idan na ruwa ne, leƙa kowane rami: farantan ciki su kasance a nutse. In sun fito, ƙara tataccen ruwan batir daidai yadda zai rufe su, kada ka cika maƙil kafin caji don yana tasowa. Ruwan leda ko na rijiya ba ya shiga nan, asid ma ba a ƙarawa.

Maƙala jan bakin caja a kan alamar tarawa, baƙin a kan alamar ɗebewa, tun cajar ba ta jone da wuta. Tayar da janareta babu komai a jikinsa, ka ba shi minti biyu ko uku muryarsa ta daidaita, sannan ka jona cajar ka zaɓi saitin irin batirinka. Idan wuri ya yi nisa, tsawaita wayar da ke tsakanin janareta da caja. Wadda ke tsakanin caja da batir ta zama gajera mai kauri, domin a volt 12 doguwar siririyar waya tana cinye wuta ta mayar da ita zafi. Mai ƙaramin Tiger kuma ya sa ido: wutarsa tana hawa da sauka, wasu cajojin zamani sukan yi ta yankewa a kansa. Janareta mai imbata ya fi ba da wuta mai tsabta, ya fi kuma tattalin mai.

Sanin lokacin kashewa shi ne inda ake ceton kuɗi. Batirin ruwa da busasshe suna caji kamar cika tulu ne: da farko a kwarara, in an zo wuya sai a tsiyaya. Caja tana zuba duk ƙarfinta har wutar batir ta kai wajen volt 14.4, wanda ke nuna an kai kusan kashi 80. Daga nan za ka ga amp yana sauka a fuskarta, 20 ya koma 12, ya koma 6, kuma cike ragowar zai iya cin wasu awanni uku ko huɗu. Ƙona fetur a kan wannan ragowar bai da riba. Da ka ga amp ya fara gangarowa sosai, kashe. Amma kada ya zama kullum a kashi 80 batirin yake tsayawa, domin gishirin dalma zai daskare a farantansa ya rage masa ƙarfi. Sau ɗaya a mako ka cika shi tam, da wutar NEPA idan ta samu ko da farantin sola. Na litiyam bai damu da wannan ba, yana karɓar wuta da ƙarfi har kusan ƙarshe.

Lokaci-lokaci ɗora bayan hannunka a jikin batirin. Ɗumi kaɗan ba komai. Idan ya yi zafin da hannu ba ya iya zama, ko ya kumbura, ko ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, tsayar da caji. Saboda zafin Legas, caji da sassafe ko bayan la'asar ya fi na tsakar rana.

Wajen kwancewa, zare caja daga soket tukuna, kashe janareta, sannan cire baƙin baki, ja ya biyo baya. Idan za ka ƙara mai, jira inji ya huce. Bar batirin ya huta 'yan awanni babu abin da ke jansa, ka auna da mita: volt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne ga na ruwa, 12.2 kuwa kusan rabi, kuma nan ne ya kamata ka riƙa tsayawa da dare ka sake caji. Batirin da ya nuna ya cika cikin rabin awa sannan ya mutu kafin tsakar dare ya riga ya gaji, kai shi a gwada shi da na'urar ɗora nauyi wajen masu batir a Ladipo kafin ka kashe kuɗi a kan sabuwar caja.