Kafin ka sa daɓen katako a Damagaram

Da na tashi sa daɓen katako a ɗakina na unguwar Zango, kafinta ya ce, "Alhaji, dakata tukuna." Da gaskiyarsa.

Fara da simintin ƙasa. Shimfiɗa leda, ka manne gefenta, ta kwana 2. In ka ɗaga ka ga raɓa, bai bushe ba, sai jira. Ka zuba maganin gara, don garar garin nan ba ta da kunya.

Katakon kuma, ka jera shi cikin ɗakin kamar mako guda ya saba da iskarsa. Ni da hunturu na yi nawa, lokacin katakon ya tsuke. Ruwan Agusta na sauka ya kumbura, sai ratar santimita 1 da na bari jikin bango ta shanye.