Yadda za a tsare gasar ƙwallon makarantu daga 'yan haya ba tare da an zalunci yaron da ya yi ƙaura ba

Ƙorafin iri ɗaya ne a arewacin Kamaru, daga Garwa har Kuseri. Makarantar da bara kowa ya lallasa, bana ta fito da sabbin fuskoki huɗu, ta cinye wasa biyar a jere, sai malaman wasanni na sauran makarantu su fara cewa an yi haya. Wani lokaci da gaskiyarsu. Wani lokaci kuwa yaron da ake nunawa da yatsa ɗan ma'aikaci ne da aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki daga Ngaundare, ko iyayensa sun baro ƙauyukan Mayo-Tsanaga saboda hare-haren Boko Haram, ko ambaliyar Yagwa ta 2024 ta raba su da gidansu. Aikin kwamitin gasa shi ne ya bambance waɗannan yara biyu, kuma a kan takarda ake yin haka tun kafin a buga wasan farko, ba a bakin fili bayan an sha ci uku ba.

Ko sauya makaranta na ba ƙungiya fifiko? Yana bayarwa, kuma ba sai da yara da yawa ba. Ƙungiyar sakandare tana tsaye ne a kan mutum huɗu: gola, ɗan baya na tsakiya, mai raba ƙwallo da mai ci. Duk wanda ya cike guraben nan da yaran da suke atisaye kullum a wata cibiyar horaswa, ya sayi gasar, ko da sauran bakwai ɗin 'yan aji ne na gaskiya. Ga kuma hasara ta biyu da ba a cika lissafawa ba: makarantar da aka ɗauke wa golanta ta yi rauni daidai gwargwadon ƙarfin da ɗayar ta samu. Amma laifin ba a sauyin yake ba. Yana cikin lokacin da aka yi shi, da dalilinsa, da ko yaron na shiga aji.

Abin da ke tafe na gasar gari ne ko ta gunduma da makarantu ke shiryawa a tsakaninsu. Idan a ƙarƙashin FENASSCO, hukumar wasannin makarantu ta ƙasa, kuke bugawa, dokarsu ce a gaba, wannan ƙari ne a kanta.

Rufe rajista da wuri

Ana komawa makaranta a watan Satumba. Ku kira shugabannin makarantu da malaman wasanni a tsakiyar Oktoba, a karanta ƙa'idar gasa, wadda bai kamata ta wuce shafi biyu ba, kowa ya sa hannu da hatimi. Dokar da aka rubuta bayan rigima ta tashi, ba mai yarda da ita, domin kowa zai ce don shi aka yi ta.

A ƙa'idar a sa ranar rufe rajista, misali 30 ga Nuwamba. Kowace makaranta ta kawo sunaye 22, uku daga ciki gola. Bayan ranar nan ba a ƙara suna sai ta ƙofa ɗaya da za mu zo kanta. A aika wa kowace makaranta jerin sunayen sauran, a ba da mako guda na ƙalubalanta. Wannan makon ya fi duk wani bincike amfani, domin yara sun san juna: sun san wanda ke tuƙa babur a tasha, sun san wanda ya bar karatu tun shekara biyu.

Takardu uku, kuma na asali

A nemi takardar haihuwa, da takardar sakamakon shekarar da ta wuce, da shaidar jarrabawar CEP ta ƙarshen firamare ko BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare. Ba takardar haihuwar ce mafi ƙarfi ba, kamar yadda mutane ke zato. A yankinmu yara da yawa ba a yi musu ita lokacin haihuwa ba, sai daga baya ta hanyar kotu, wato jugement supplétif, galibi idan jarrabawar ƙarshen firamare ta matso. Wannan halal ne, kuma kada kwamiti ya ƙi yaro don kawai takardarsa ta kotu ce, in ba haka ba 'ya'yan talakawa da na karkara za a kora. Abin dubawa shi ne ranar da aka yi ta. Yaron da ke ajin seconde, wanda ake shiga bayan BEPC, ya zo da takardar kotu da aka yi wata uku da suka wuce, tambaya ta hau kansa: da wace takarda ya rubuta BEPC? A ɗora ranar haihuwar da ke takardar jarrabawa a kan wadda ke takardar haihuwa. In sun saɓa, tsohuwar ake bi.

Hoton takarda ba ya wadatarwa, saboda canza 6 ta koma 8 a kan kwafi aikin minti biyar ne a shagon kwamfuta. A ga ta asali sau ɗaya, sakataren kwamiti ya sa hannu a kan kwafin, a mayar wa yaro kayansa nan take. Kada a riƙe takardar asali ko kwana ɗaya. In ta ɓata, wahalar sake ta a kan iyaye za ta faɗa.

Iyakar shekaru a rubuta ta da shekarar haihuwa, a ce wanda aka haifa daga 1 ga Janairun shekara kaza. In aka rubuta "ƙasa da 17" kawai, za a yi ta gardama kan yaron da ya cika shekarun ana tsakiyar gasa. Kuma gemu ko tsawo ba hujja ba ne. Akwai ɗan shekara 15 da ya fi malaminsa tsawo.

Za ku ji masu cewa a kai yara gwajin MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti. FIFA ta fara amfani da shi a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, ana duba ƙashin wuyan hannu a ga ko ya gama haɗewa. Shi ne ya fitar da yara 21 cikin 30 daga tawagar Kamaru gab da gasar yankin Afirka ta Tsakiya da aka buga a Limbe a Janairun 2023, lokacin da hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, FECAFOOT, ƙarƙashin Samuel Eto'o ta tsananta. Amma gasar makarantu ba ta da kuɗinsa, amfaninsa a kan iyakar shekara 17 ne, kuma ba zai gaya muku ko yaro ɗalibi ba ne.

Raba masu sauyi gida uku

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata kwamiti ya ɓata lokacinsa.

Na farko, wanda iyalinsa suka yi ƙaura: canjin aiki, gudun hijira, ambaliya, rasuwar mahaifi da ta sa aka mayar da yaro wurin kawu. Wannan ba ya zaman jira irin na gida na uku, kuma shi kaɗai ne ƙofar bayan rufe rajista ke buɗe masa. Hujjarsa takardar canjin aikin mahaifi, ko shaidar mai unguwa, ko takardar sallama daga tsohuwar makaranta. Yaron da ya baro wurin da aka rufe makaranta ba zai iya kawo sallama ba, don haka a karɓi shaidar mai unguwa tare da ta malamin ajinsa na yanzu.

Na biyu, wanda ya sauya don karatu, iyalinsa suna nan inda suke. Ya gama troisième, ajin da ake rubuta BEPC, a makarantar da ba ta da aji na gaba, ko ya koma makarantar fasaha, ko an sallame shi saboda maimaita aji ya koma ta kuɗi. In ya shiga tun Satumba, ya buga, amma a ƙirga shi cikin iyakar baƙi.

Na uku, wanda ya bar makarantar da ke da irin ajinsa, a gari ɗaya, kuma bara ya buga mata. Shi ne ake zargi, kuma shi ne zai jira. A Amurka, inda aka daɗe ana wannan rigima, jihar Texas kan hana wanda aka tabbatar ya sauya don wasa shiga babbar ƙungiyar makaranta shekara guda, sannan tsohuwar makarantarsa sai ta cike takarda a kan dalilin tafiyarsa. California kan sa ɗalibin da ya sauya makaranta ba tare da iyalinsa sun yi ƙaura ba ya zauna kusan rabin kakar wasa. Shekara guda ta yi tsauri a wurinmu, inda gasar gaba ɗaya ba ta wuce wata uku ba. Rabi ya isa: a gasar makarantu takwas da kowa zai buga wasa bakwai, ya zauna ukun farko. Takardar tsohuwar makaranta kuwa ku ɗauke ta yadda take, tambaya biyu kacal: yaushe ya tafi, kuma shin wani ya zo zawarcinsa? Sai dai a sa wa'adin kwana goma, wanda ya wuce bai amsa ba an ɗauka ya yarda, domin akwai shugabannin da ke danne takarda don huce haushi.

Iyakar baƙi na gida na biyu da na uku: uku a rajista, biyu a fili lokaci guda. Biyu na ƙara wa ƙungiya ƙarfi amma ba sa cike guraben nan huɗu. Makarantar kuɗi da ta yafe wa ɗan wasa kuɗin makaranta ba ta yi laifi ba, sau da yawa hanyar karatunsa ke nan, amma ta rubuta hakan a rajista.

Sharaɗin da ke kama ɗan haya na gaskiya shi ne zaman aji. Kafin kowa ya buga, sunansa ya fito a littafin kiran suna na kwana 30 na karatu, kuma ya kasance yana da maki a jarrabawar aji aƙalla sau ɗaya. Mutum biyu na kwamiti su je makarantar ba sanarwa, su duba littafin da idonsu. Sunan da aka cusa daga baya a ƙasan shafi yake, da wani biro daban, bai bi jerin haruffa ba. In kuna shakka, ku shiga ajin ku tambayi yara inda wane ke zama.

Ranar wasa

Kowane ɗan wasa da katinsa: hoto 4x4 na bana, suna, aji, ranar haihuwa, hatimin kwamiti rabi a kan hoto rabi a kan kati, sannan a rufe shi da leda. Hatimin da bai hau hoto ba, ɓare hoton ake yi a liƙa wani, ta haka ne wa ke bugawa da sunan ƙanensa. Katunan su zauna a hannun kwamiti, ba a hannun koci ba.

Minti 30 kafin a take wasa, ƙungiyoyin su yi layi. Wakilin kwamiti ya kira suna, yaro ya matso, kyaftin ɗin abokan karawa na tsaye yana kallon fuska da kati. In kyaftin ya ce, "Malam, wannan ba shi ba ne a hoto," ba a tsayawa gardama. A rubuta ƙorafin a takardar wasa, kyaftin biyu da alƙalin wasa su sa hannu, a ɗauki hoton yaron riƙe da katin, a buga wasa. 'Yan canji ma a duba su a lokacin, domin sojan gona ya fi shigowa bayan hutun rabin lokaci, sanda hankalin kowa ya koma kan ci.

Makarantar da ta yi ƙorafi ta tabbatar da shi a rubuce cikin awa 48, da ajiyar sefa 5,000 da za a mayar mata in ta yi gaskiya. Ajiyar ce ke hana wanda aka ci ya mayar da kowane rashin nasara ƙara. Kwamitin hukunci mutum uku ne, ba wanda makarantarsa ke cikin maganar, kuma su yanke kafin wasa na gaba. In aka bari har zagayen kusa da na ƙarshe, ba mai ƙarfin halin cire ƙungiyar da gari ya riga ya bi.

Hukuncin ya hau kan manya. Makaranta ta rasa duk wasan da yaron ya buga da ci 3-0, kocin da ya sa hannu a rajista a dakatar da shi sauran kakar, in an sake badi a cire makarantar shekara ɗaya. Shi yaron a cire shi daga gasar bana kawai, kada a karanta sunansa a lasifika. In ɗalibi ne na gaskiya a wata makarantar, a mayar da sunansa rajistarta don gasar badi.