Idan laptop ɗinka ta ƙi ganin Wi-Fi, kada ka yi saurin goge Windows

Shagona na gyaran kwamfuta yana kusa da kasuwar Wunti a nan Bauchi, kuma da yawa daga masu kawo min matsalar Wi-Fi tun daga gida suke yanke hukunci: "Malam, a yi mata format." Kwanan baya wata ɗaliba ta taso daga Yelwa da HP EliteBook, aikinta na kammala karatu duk yana ciki, hankalinta a tashe. Ina buɗe murfin na ga fitilar ɗan maɓallin Wi-Fi da ke saman keyboard ta koma ruwan lemo. Na danna, ta koma fari, sunayen network suka jero. Yana yi min ciwo in ga mutum ya rasa aikin wata da watanni kan abin da yatsa ɗaya zai gyara.

Fara da wayarka. Idan ita ma ba ta ganin network ɗin, laifin na MiFi ne ko router: kashe shi, ka ɗan jira, ka kunna. Idan wayar ta gani, sai mu koma kan laptop.

Wadda ba ta ganin komai sam, duba ko an kunna Airplane mode, mai alamar jirgin sama kusa da agogo. A wasu, maɓallin Fn ake haɗawa da F2 ko F12 don kunna Wi-Fi ko kashe shi, tsofaffi kuma suna da ɗan makunni a gefe da jaka kan ture shi ba ka sani ba. Idan duk lafiya, danna Start da maɓallin dama na mouse, shiga Device Manager, buɗe Network adapters, ka nemi suna mai ɗauke da Wireless ko Wi-Fi. Galibi Intel ne, Realtek ko Qualcomm. Ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa na nufin a kashe yake, sai ka zaɓi Enable. Alamar rawaya kuwa direba ce, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin Wi-Fi na cikin laptop, ta lalace ko babu ita gaba ɗaya, abin da ke yawan faruwa bayan an saka sabon Windows. A nan mutane kan ce, to ta yaya zan sauke direba ba intanet? Haɗa wayarka da laptop ta igiyar caji mai ɗaukar data, kunna USB tethering a wayar don laptop ta samu intanet daga gare ta, ka je shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar samfurinta da ke rubuce a ƙasanta.

Akwai wadda ta fi rikita mutane: laptop na ganin Wi-Fin maƙwabta amma ta ƙi ganin hotspot ɗinka. Wi-Fi na da zango biyu da ake kira band, 2.4GHz da 5GHz; wasu tsofaffin laptop na hannu da muke saye 2.4GHz kawai katinsu ke kamawa, sababbin wayoyi kuma kan watsa a 5GHz. A Android shiga saitin hotspot ka mayar da band zuwa 2.4GHz, a iPhone kunna Maximize Compatibility. Ba a taɓa kwamfutar ma.

Idan tana gani amma ta ƙi shiga, sau da yawa an canja kalmar sirri ne ita kuma tana riƙe da tsohuwa. Danna sunan network ɗin da maɓallin dama na mouse, zaɓi Forget, ka sake rubutawa a hankali, ido a kan Caps Lock. Duba kuma ko an ƙayyade yawan na'urorin da hotspot ɗin zai ɗauka. Idan ta shiga amma ta rubuta No internet, tabbatar datarka ba ta ƙare ba, sannan ka kalli kwanan wata: ƙaramin batirin agogo da ke ciki idan ya mutu, kwanan wata kan koma baya, shafuka su ƙi buɗewa. Abu na ƙarshe da nake gwadawa a Windows 10 da 11 shi ne Network reset, cikin Settings ƙarƙashin Network & Internet. Zai share duk kalmomin sirrin Wi-Fi da ta adana, don haka rubuta su tukuna.

Sai batun ciki. Idan sai ka manna ta da MiFi take kamawa, ina zargin eriya. Wasu siraran wayoyi biyu ne, yawanci baƙi da fari, da suka tashi daga katin Wi-Fi suka bi ta maƙalar murfi suka hau bayan allo. Na sha buɗe laptop da aka canja wa allo in tarar an bar ɗaya yana reto. Kawunansu ƙanana ne kamar ƙwayar gero, da ka matsa a karkace sun lotse, shi ya sa wannan nake cewa a kawo wa mai gyara. Idan kuwa katin ne ya mutu kuma aiki na jiranka, sayi ɗan Wi-Fi na USB a shagunan kayan kwamfuta, ka soka ka ci gaba da aikinka kafin a samo wani katin.