Kurakuran da iyaye suka fi yi idan 'yarsu tana koyon jifa a sofbol

Ranar da na fara kai 'yata wurin mai koyar da jifa, iyakar abin da na sani game da sofbol shi ne ƙanwar besbol ce, wato wasan dukan ƙwallo da sanda, kuma a nan Amurka 'yan mata ne suka fi yin ta. Sai daga baya na ji cewa a Chicago aka fara buga ta a 1887, a cikin ɗaki ma. Abin da ya dame ni a lokacin dai yarinya ce 'yar shekara tara ta dawo gida ta ce ita jifa za ta yi, wato ita ce za ta tsaya a tsakiyar da'ira tana wulwula hannu kamar fanka, ta saki ƙwallo ta ƙasa daidai cinya. Yau shekara uku ke nan ina zaune a kan bokiti ina cafe mata. Yawancin kurakuran nan da hannuna na tafka su, sauran kuma a wurin iyayen da muke zaman jira tare na gani.

Mafi girma shi ne a ɗauka cewa darasin shi ne atisayen. Ana biyan koci kuɗi masu kauri don rabin awa ko awa ɗaya a mako, sai uba ya ji ya sauke nauyi, a jefa safar hannu a bayan mota har wani makon. Koci hanya kawai yake nunawa. Hannu da ƙugu da ƙafa ba sa riƙe abu sai an maimaita musu shi sau ɗaruruwa, kuma wannan a gida ake yi. Yarinyar da ba ta taɓa ƙwallo ba tsawon kwana shida, rabin darasinta zai tafi wajen tuno na makon jiya, iyaye kuma su riƙa gunaguni wai kocin abu ɗaya yake ta nanatawa. Mu ma mun daɗe muna fita daren jajibirin darasi mu yi jifa ɗari a gurguje, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya gyara mana shi ne ƙaramin littafi. Kafin mu bar wurin, ita da kanta take rubuta abu biyu da aka koya mata, da kalmominta, ba da nawa ba. Ni kuma in ɗauki bidiyon daƙiƙa ashirin na kocin tana nuna motsin. Sai mu fita sau uku ko huɗu a mako, minti ashirin-ashirin, a kan waɗannan abubuwa biyun kaɗai. Idan sanyi ya hana fita, akwai gareji da raga. Ko dunƙulen safa ta jefa jikin bango a gaban madubi, aiki ya yi.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya. Wata rana kocin tana ta fama da ƙafar yarinyar, tana so ta ingiza jikinta gaba da ƙarfi, ni kuma ina kan bokiti ina ganin ƙwallo tana tashi sama, sai na riƙa cewa da Hausa, "Saki da wuri! Kin makara!" Ina ganin ai kocin ba ta jin abin da nake faɗa. Sai yarinyar ta tsaya cak, ƙwallo a hannu, ta ce, "Baba, wa zan saurara?" Kocin ba ta buƙaci tafinta ba. Bayan an tashi ta ja ni gefe ta ce tana so in ci gaba da zuwa, amma aikina cafewa da kallo. Taura biyu ba ta taunuwa. Tun daga nan tambaya ɗaya nake yi a ƙarshen darasi: me zan sa wa ido a wannan makon? A gida kuma kalmomin kocin nake amfani da su, ko da ina ganin nawa sun fi daɗi.

Sai maganar saiti, wadda a nan ne aka fi ɓata yara. A wasan, idan jifa huɗu suka kauce wa inda doka ta tanada, mai bugu, wato wadda ke tsaye da sanda don ta doki ƙwallon, za ta wuce kyauta zuwa tasha ta farko cikin tashoshin da ake zagayawa don cin maki. Babu uban da ke jin daɗin zama a cikin jama'a yana kallon 'yarsa tana rabon kyauta ɗaya bayan ɗaya. Sai a fara yi mata ihu, "Ki dai saita kawai!" Yarinya kuwa tana da dabarar faranta wa manya rai: za ta rage gudun hannu, ta sunkuyo gaba, ta miƙa ƙwallon a hankali kamar mai miƙa wa baƙo ruwa. Ƙwallo za ta shiga, a tafa mata, amma ta koyi abin da za a shekara ana warwarewa. Duk lokacin da koci ya gyara wani motsi, jifa sai ya lalace tukuna: wata ta bugi ƙasa, wata ta haura shinge. Wannan ba alamar darasin ya ɓaci ba ne, jiki ne yake sakin tsohuwar hanya bai gama kama sabuwa ba. Maganinsa a gida shi ne a cire mata abin saiti gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ta tsaya kusa da raga ta yi ta jifa da dukkan ƙarfinta, babu wanda zai ce ta shiga ko ba ta shiga ba. Idan motsin ya zauna, sai a ja da baya kaɗan-kaɗan. Yana da kyau kuma a gaya wa kocin ƙungiya abin da ake gyarawa, don kada a wasan ranar Asabar ya rushe abin da aka gina a darasin ranar Talata.

Akwai kuma kwaɗayin tara jifa iri-iri. Za ka ji uba yana bugun ƙirji 'yarsa mai shekara goma tana da kala biyar: mai tashi, mai faɗuwa, mai lanƙwasa dama, mai lanƙwasa hagu, da na yaudara. Ka zauna ka cafe mata, duk biyar ɗin juyi ɗaya suke yi. Gwajin ba shi da wuya. Ka zagaya ƙwallon da baƙin tef, ka ce ta jefa miƙaƙƙe. Idan layin ya zo maka a tsaye kyam, juyin ya yi; idan yana rawa, da sauran aiki. A ganina ƙaramar yarinya jifa biyu sun ishe ta: miƙaƙƙe mai ƙarfi da za ta iya ajiyewa kusa da mai bugu ko nesa da ita, da na yaudara, wanda hannu ke gudu kamar kullum amma ƙwallo ta zo a sanyaye. Mai tashi tana buƙatar gudu da ƙarfin yatsun da yarinya ba ta kai ba tukuna. Na'urar auna gudu ma a rage ɗaga ta. Monica Abbott ta jefa mil 77 a awa a 2012, Karlyn Pickens ta Jami'ar Tennessee ta kai 79.4 a 2025, yara sun haddace waɗannan lambobi, kuma da zarar sun ga na'ura sai su sandare kafaɗa. Sau ɗaya a wata biyu ya wadatar.

Wani ƙaramin abu da ya ci mu wata guda: tazara. 'Yan shekara 10 zuwa ƙasa daga ƙafa 35 suke jifa da ƙwallo mai inci 11. A rukunin 'yan 12 sai a koma ƙafa 40 da ƙwallo mai inci 12, daga 14 zuwa sama kuma ƙafa 43. Ni da taku na auna a bayan gida, ashe na rage kusan ƙafa uku. A sayi tef ɗin awo, a auna daga tsinin bayan farantin bugu, wato farantin da mai bugu ke tsayawa a gefensa, zuwa gaban robar da mai jifa take takawa.

YouTube kuwa, kowa ya san halinsa. Amma a nan akwai saɓani na gaske tsakanin masu koyarwa da ya kamata iyaye su sani. Wasu suna koyar da a tura ƙwallo da miƙaƙƙen hannu, a karya wuyan hannu, a ƙare da gwiwar hannu tana kallon mai cafewa. Wasu kuma suna cewa a bar gwiwar hannu da ɗan lanƙwasa, damtse ya sauko ya gogi haƙarƙari, sannan sauran hannun ya murɗo ciki ya fyaɗa kamar bulala. Idan ka rage gudun bidiyon manyan 'yan wasa irin su Yukiko Ueno ko Cat Osterman, na biyun za ka gani, kuma shi na fi yarda da shi. Ka tambayi koci wanne yake koyarwa tun kafin ka biya. Idan ka zaɓa, ka ba shi watanni, kada ka riƙa kwaso wa yarinya sabon salo kowane dare, ko ka sauya mata koci don wasa ɗaya ya yi muni.

Na ambaci Ueno, to ga inda sunanta yake cutar da yara. A gasar Olamfik ta Beijing a 2008 ta yi jifa 413 cikin kwana biyu, Japan ta doke Amurka ta ɗauki zinariya. Har yau ana kafa hujja da irin wannan wajen cewa jifan ƙasa ba ya gajiyar da hannu. Ueno tana da shekara 26 a lokacin, jikinta ya gama ginuwa. A Little League, ƙungiyar da ke shirya wa yara gasar besbol da sofbol, tun 2007 ake ƙirga wa yara masu besbol kowane jifa, amma a sofbol zagayen wasa ake ƙirgawa, kuma a gasannin ƙarshen mako ba abin mamaki ba ne yarinya ɗaya ta jefa wasa huɗu ko biyar. Ƙirgar ta koma hannun iyaye ke nan, har da jifan ɗumama jiki. Gajiya daban, ciwo daban. Idan ta ce gaban kafaɗarta yana suka, ko ƙasan bayanta, ko gwiwar ƙafar da take dirawa a kai, a tsaya, kuma idan ya kwana biyu bai tafi ba a ga likita. A ware ranakun hutu a mako da makonni a shekara. Kada ta shiga da'ira ba garkuwar fuska, don bayan ta yi tsallen jifa tazararta da sandar mai bugu ta ƙara raguwa. Kai ma mai bokiti ka sa kariyar ƙwauri. Sofbol a Turanci na nufin ƙwallo mai laushi, amma a suna ne kawai, ƙwaurina shaida ne.

Na ƙarshe a mota yake faruwa. Da, ko ƙofa ba ta gama rufewa ba na fara: me ya sa kika yi kaza a zagaye na uku? Ita kuma ta kafe taga da ido har gida. Mahaifiyarta ce ta ce mini, "Malam, in ka ci gaba a haka, ranar da za ta ajiye safar nan ba za ta gaya maka dalili ba." Yanzu idan mun shiga mota sai in tambaye ta me za ta ci. Yawanci sai mun kusa gida take buɗe littafin nata ta ce, "Baba, ka ga ƙafata ta sake karkacewa ko?" In ce na gani, gobe bayan la'asar ma duba.