Darasi na Tara: Gishiri a Gonar Rani, da Yadda Ake Hango Shi Daga Sama

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san wannan. A fangali ɗaya albasa ta yi kyau, a na kusa da shi ta tsumbure, bakin ganyenta ya ƙone kamar an kara masa wuta. An zuba taki, shiru. An ƙara ruwa, shiru. Da zafin Maris ya shigo, sai saman ƙasar ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Wannan farin gishiri ne, wani wurin kuma kanwa.

Daga ina ya fito?

Ku tuna yadda mutanen Bilma a Nijar suke samun gishiri. Ruwa mai gishiri yana taruwa a ramuka, rana ta shanye ruwan, gishirin ya rage a kwashe. Haka yake faruwa a gona, sai dai a hankali. Kowane ruwan ban ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri, ko da harshe bai ji ba. Idan ruwan ya kwanta, babu magudanar da zai fita, rana za ta ɗauke shi ta bar gishirin. Bana kaɗan, baɗi kaɗan. Inda kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da sama saboda yawan ban ruwa, shi ma yana hawowa da nasa. Saiwa tana shan wahalar jan ruwa daga ƙasa mai gishiri, shi ya sa za ku ga shuka tana yaushi alhali ƙasa a jiƙe take.

Amfanin gona ba ɗaya ba ne wajen juriya. Albasa da wake suna saurin galabaita, shinkafa da tumatir suna biye. Alkama, dawa, auduga da dabino sun fi daurewa. A 2021 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da taswira da ta nuna fiye da hekta miliyan 833 na ƙasar duniya suna da wannan matsala.

Idon da ke sama

Babban filin ban ruwa, irin na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga a Kano, ko na Bakolori a Zamfara, ya fi ƙarfin malamin gona ya zagaye shi da ƙafa fangali-fangali. A nan tauraron ɗan Adam yake da amfani. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972. Waɗanda ke aiki yanzu suna shawagi a nisan kilomita 705 daga ƙasa, tazarar da ta wuce tafiyar Kano zuwa Maiduguri, kuma kowannensu yana komowa kan wuri ɗaya bayan kwana 16. Turai ta harba Sentinel-2 a 2015. Hotunan duka biyun kyauta ne a intanet.

Hoton tauraro ɗigo-ɗigo ne. A Landsat, ɗigo ɗaya yana daidai da fili mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi. A Sentinel-2 mita 10 ne, wato hekta ɗaya tana da ɗigo 100. Saboda haka tabon gishiri mai faɗin tabarma ba zai fito ba, amma wanda ya ci rabin gona zai fito.

Abu biyu tauraron yake aunawa. Na farko hasken da ƙasa ke mayarwa: ɓawon gishiri ya fi baƙar ƙasa mai laima ƙyalli. Na biyu lafiyar ganye: ganye mai lafiya yana mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ya galabaita kuwa kaɗan yake mayarwa. Masana suna haɗa waɗannan a kwamfuta, su kwatanta hoton bana da na shekarun baya, su zana taswira mai launi. Sau da yawa ja yana nufin wurin da ya fi lalacewa, amma ku riƙa karanta bayanin launukan da ke gefen taswira tukuna. Hoton ƙarshen rani ya fi nuna gaskiya, domin ruwan sama na farko yana narkar da ɓawon, ƙurar hunturu kuma tana dusashe hoto.

To, ga inda nake so ku tsaya da kyau. Tauraro saman ƙasa kawai yake gani. Farin rairayi yana iya yi masa kama da gishiri. Gonar da tsutsa ta ci, ko wadda ta rasa taki, tana iya kama da wadda gishiri ya kama. Don haka babu taswirar kirki sai an je wurin, an ɗebi ƙasa, an auna ta da na'urar da ke gwada yadda lantarki ke ratsa ruwan ƙasar. Idan awon ya kai 4 a ma'aunin masana, ana lissafa ƙasar cikin masu gishiri. Manomin da ya san tarihin fangalinsa yana da bayanin da hoton ba shi da shi, kada ku ji nauyin faɗa wa malamin gona.

Aikin wannan mako

Kowa ya zana gonarsa a littafi, ya sa alama inda ruwa ke shiga, inda yake fita, da inda shuka ke tsumburewa. Ku ɗebi ƙasa daga wurin da ya lalace da wurin da ke da kyau, zurfin taƙi ɗaya, ku shanya a inuwa, kowace a ledarta da suna da kwanan wata.

Ku zuba ruwa mai tsabta a faranti, ku ajiye ɗan busasshen curin ƙasa a ciki, kada ku motsa. Idan ruwan da ke kewaye da curin ya gurɓace kamar ruwan kunu, alama ce ta kanwa, kuma irin wannan ƙasa ana gyara ta da wani farin ma'adini da ake kira jifsam. Idan gishiri ne zalla, a fara yashe magudana, sannan a ba da ruwa mai yawa ya wanke shi ya fita. Wanki ba tare da magudana ba ƙara ciwon yake yi.

Tambayoyi

1. Me ya sa shuka ke yaushi a ƙasa mai gishiri ko da akwai laima?
2. Ɗigo nawa ne a hekta biyu a hoton Sentinel-2?
3. Rubuta abu biyu da za su iya ruɗar tauraro.
4. Yaushe aka yashe magudanar gonarku na ƙarshe, kuma su wa suka yi aikin?