Darasi na 9: Safarar Mutane da Inda Ake Neman Taimako

Mai safarar mutane yawanci sananne ne a unguwa. Wata hajiya ce mai shiga gida-gida, ko ɗan gari da ya dawo da sabon babur. Za ta zauna a kan tabarma, ta sha ruwa, ta ce wa uwa: "Yaya, ki ba ni 'yar nan. Akwai aikin gida a Yawunde, za ta tara kayan ɗakinta." Wasu 'yan matan har Kuwaiti da Labanan ake kai su. Samari kuma a yi musu romon baka da haƙar zinari a arewacin Chadi, kusa da iyakar Libiya.

Riƙon ɗan 'yan'uwa al'adarmu ce, neman kuɗi a wani gari kuma ba laifi ba ne. To, ina ake gane an faɗa hannun masu safara? A duba abin da ya faru bayan an isa. An karɓe fasfo ko katin shaida, an ce "ajiya". Wata ya ƙare babu albashi, ko albashin yana tafiya hannun wadda ta kai yarinyar. An ɗora mata bashin kuɗin mota da na abinci, kullum ƙaruwa yake. In ka kira waya, sai wani ya ɗauka, ko ka ji tana amsawa da "e" da "a'a" kawai saboda akwai mai saurare kusa da ita. Babbar alama ita ce, tana so ta bar aikin amma ba ta da iko.

Abin da ya fi ciwo, iyaye kan yi shiru don kunya, tunda da hannunsu suka ba da ita. Shirun nan masu safara suke so. Dokar Kamaru ta 2011 ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga mai wannan laifi, kuma yarinyar da aka yaudara ba mai laifi ba ce.

Kada ka tunkari mutumin kai kaɗai, zai iya ɓoye ta. Adana lambar wayarsa, sunan tashar da suka hau mota da ranar tafiya. Kira 'yan sanda a 117 ko jandarma a 113. Akwai ofisoshin Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a a Marwa, Garwa da Ngaundare. In kana jin tsoron zuwa, lawani ko limamin unguwa ya raka ka.

Aikin gida: Rubuta lambobin nan biyu a littafinka. Sannan ka rubuta tambayoyi uku da za ka yi wa duk wanda ya zo neman ɗanka aiki a wani gari.